Aljihun Ciki a Rigar Sufeto

Shekara talatin da ɗaya Tela ya yi yana ɗinka kayan shirin 'yan sandan nan na talabijin, kuma bai taɓa yarda da kowa ba, har mai kawo masa zare. Ka gaishe shi da fara'a, sai ya dube ka ta saman tabarau yana neman abin da ka zo ɗauka. Ban ga laifinsa sosai ba, aikin ne ya mayar da shi haka.

Zamanin hoto baƙi da fari, Sufeto, jarumin shirin, ba shi da komai sai keke da biro da ɗan littafi. Tambaya kawai yake jerowa har ɓarawo ya sarƙe kansa, sannan ya zura hannu cikin rigar ɓarawon ya zaro zobe ko mabuɗin da aka sace. Don haka duk wanda zai fito a mai laifi, sai an sa Tela ya yi wa rigarsa aljihun ciki. Kafin kowa ya san mai laifin, shi ya sani. Matarsa ta yi lallashi, ta yi fushi, har rowar shayi ta yi masa, bai taɓa faɗa mata ba.

Da hoto mai launi ya zo, aka ba Sufeto mota da jiniya, aka koma guje-guje da tsallake katanga. Tela ya yi tsaki, ya riƙa faɗaɗa wanduna don kada su yage. Yanzu kuwa matasa ne gaban kwamfuta suna kama ɓarawo ta lambar waya, rabin 'yan sandan ma su ne ɓarayin. Sufeto kaɗai aka bari da gaskiyarsa, ya yi furfura a cikinta. Mai fitowa a Sufeton shi ne kuma aminin Tela, kwano ɗaya suke ci kullum da rana.

Ran nan sabuwar darakta, sa'ar autar Tela, ta shigo ɗakin kaya ta rufe ƙofa.

"Baba, a yi wa rigar Sufeto aljihun ciki. Ƙarami. Don Allah kada kowa ya ji."

 Dama Tela ya lura an rage wa Sufeto magana, kuma ana ƙus-ƙus idan ya wuce. Wato za su mayar da shi maci amana, su zubar da mutuncin shekara talatin don neman 'yan kallo!

Kwana biyu rigar na rataye bai taɓa ta ba. Rana ta uku, ma'aikata sun cika ana shirin ɗauka, ya shigo ya jefa ta kan tebur a gaban darakta.

"Ba zan ɗinka ba! Tun ba a haife ki ba na san aikin aljihun ciki. Me za ku sa masa? Faɗi a gaban kowa!"

"Baba, mu je waje," in ji darakta, murya ƙasa-ƙasa.

"Babu inda za ni."

Sai Sufeto ya dafa kujera ya miƙe.

"Malam, ni na roƙe ta. 'Yar na'ura za a sa, da waya zuwa kunnena, a riƙa karanto mini maganata. Ba na iya riƙe layi biyu yanzu. Jiya sunan jikata ma ɓace mini ya yi."

Shugaban tashar yana tsaye bakin ƙofa, ya ji komai. Kafin wata ya ƙare an rubuta wa Sufeto ritaya a shirin.

Kunya ta hana Tela zuwa gidan Sufeto har kusan shekara. Amma ya ɗinka aljihun, da hannu, ɗinkin da bai taɓa yi wa wani ɓarawo ba. Ranar da ya yi ta-maza ya kai rigar, ya tarar da shi zaune a falo, talabijin a kashe. Sufeto ya karɓa, ya juya ta, ya zura yatsa cikin aljihun ya yi murmushi.

"Kai, wannan ɗinki ya yi kyau. Bawan Allah, ka san telan?"