Tambayar da Ta Ɗaure Mini Harshe a Woolwich

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da safiyar nan ba. Lokacin kuɗin mai na ambaliya, gwamnatin jiharmu ta turo ni Landan kwas ɗin malanta. Wata malama 'yar Jamaika ke horar da mu yadda ake koyar da tarihin baƙar fata. Ni kuwa, da girman kaina, ko sauraronta ba na yi. Baƙar mace kamata, wa zai koya mini baƙar fata?

Ranar gwaji aka kai ni wata makaranta a Woolwich, rabin ajin 'ya'yan mutanen Karebiyan. Malamar ta zauna a baya da takardarta. In na faɗi, sai jirgin Kano da kunya.

Darasin cinikin bayi ne. Ina cikin zuba bayani, bakina ya kwashe ni. A Zariya ai alfahari ne, sai na ce cikin murmushi, "Mu ma kakana yana da bayi, rinji guda, ƙauye sukutum."

Wayyo! Wani ya ture kujera. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Na dubi malamar ko za ta cece ni, ta ƙi ɗago kai.

Wata yarinya ta miƙe. "Malama, yaya sunayensu?"

Sai tsohuwar baiwar gidanmu da ta goya ni ta faɗo mini. "Akwai Nagode," na ce.

"Uwarta ce ta sa mata?"

Na san amsar. Suna ne irin wanda ubangida ke laƙa wa baiwa. Ana haka aka buga ƙararrawa.

Malamar ba ta kayar da ni ba. Ta ce, "Za ki sake, amma ki fara rubuta wasiƙa gida, ki tambayi ainihin sunan matar nan."

Na rubuta. Bayan wata guda amsar Baba ta iso: an tambayi tsofaffi duka, ba wanda ya san sunan Nagode na yanka, ko garinsu. A bayan matar nan na yi wayo.

Tun ranar na gane, wanda bai tambayi abin da ke cikin gidansu ba, bai isa ya tsaya gaban 'ya'yan mutane da wannan darasi ba.