Tayar da Aka Zaɓa da Tafin Ƙafa

Duk wanda ya san layin dukawa a Kasuwar Umdurman ya san Mainasara, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne tsohon nan da ba ya duban fuskar mutum idan ana gaisawa, ƙafa yake duba. Kakansa ya baro Katsina da niyyar Makka, ya tsaya noman auduga a Jazira don ya ɗan huta, hutun da har yau jikoki ba su gama ba. Shi Mainasara bai ga abin so a auduga ba. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya shigo Umdurman, ya kama yankan tsohuwar taya yana yin takalmin da mutanen gari ke kira tamut-takhalli, wato ka mutu ka bar shi. Sunan kuwa ba cika baki ba ne, don akwai gida a unguwar Umbadda da 'yan'uwa biyu suka daina magana a kan gadon takalmin da ya yi wa ubansu.

Kasuwarsa ta fi kyau a farkon mulkin soja, lokacin da mai ya yi wuya, manyan ma'aikata suka koma taka sayyada suna tsallaka gada. Ba ya siyasa, amma yakan ce gwamnatin da ta mayar da kowa tafiyar ƙasa ba a ce ba ta tsinana komai ba. Daga baya duniya ta juya masa baya. Silifa mai araha ta cika gari, sannan ita kanta taya ta lalace: aka daina saƙa cikinta da zare, aka koma cusa mata waya. Taya mai waya tana cinye bakin wuƙa, in ma an yanka ta sai ta riƙa tsikarar mai takalmi a tafin ƙafa. Mainasara ya ɗauki wannan a matsayin cin mutunci da aka shirya masa shi kaɗai. Ya ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar rediyo ya sa a aljihu, duk motar da ya gani a tsaye sai ya manna wa tayarta, ya yi tsaki, ya wuce.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi, Lauratu, mai sunan mahaifiyarsa, don haka Uwata yake ce mata. Mijinta Abdulganiyu mutum ne mai kunya har ta yi yawa. Shekara shida da auren, bai taɓa cin abinci a gaban surukinsa ba, in sun haɗu a hanya kuwa sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ko da a tsakiyar titi ne.

A shekarar da zazzaɓin zinariya ya kama gari, kowa ya nufi hamada, Abdulganiyu ya sayar da rakshansa mai ƙafa uku ya sayi tsohuwar boksi, a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu, don ya riƙa kai wa mahaƙa ruwa a bayan Abu Hamad. Motar lafiya lau, sai dai tayoyinta sun suɗe sumul. Lauratu ce ta kawo shawara da zuciya ɗaya: wa ya fi Baba sanin taya a duk Sudan, mutumin da ya yi shekara arba'in da biyar yana feɗe ta?

Suka tsallaka Khartum, unguwar makanikai, shagon wani Mazin. Mazin ya ji inda motar za ta, ya gangaro da taya mai faɗi, mai laushin gefe, ya ce ita ce ta rairayi, a rage mata iska sai ta baje ta yi ta shawagi a kan yashi. Ya haɗa da wilin alminiyam mara nauyi, mai walƙiya. Idon Abdulganiyu ya kama su ƙyam. Mainasara ya zaro mayen ƙarfensa ya manna wa tayar, abin ya kama, ya kawar da kai kamar an nuna masa mushe.

A can ƙuryar shago, ƙarƙashin ƙura, ya hango wasu guda biyar da suka yi kwantai: sirara, masu tauri, masu zurfin zane, irin na da. Mayen ƙarfe ya taɓa su ya faɗo ƙasa. Zare ne zalla. Tsoho ya shinshina su, ya gartsa wa ɗaya haƙori, sannan ya tuɓe takalmi, ya sa aka riƙe masa ita a tsaye, ya hau ya taka da tafin ƙafa, idonsa a rufe. Da ya sauko sai ya ciro kwalin da yake awon ƙafa da shi, lamba arba'in da biyu, yana ɗorawa a jikin tayar yana matsawa gaba yana ƙirge a zuci. Mazin ya tambaye shi me yake aunawa, ya ce nauyin mota.

Wili ma na baƙin ƙarfe ya zaɓa, mai rabewa biyu, wanda sai ƙato ya yi nishi kafin ya ɗaga. Ya ce ya fi ƙarko. Bai faɗi cewa a irin wannan wilin taya tana fita salin alin ba tare da an yage mata gefe ba, gefen da ake yanko maɗauri da shi.

Mazin ya yi rantsuwa har ya gaji, ya ce waɗannan na hanyar duwatsu ne, a yashi haƙa rami za su yi su binne motar. Ya juya wurin mai motar ya ce ya yi magana mana, ai shi zai tuƙa. Abdulganiyu yana durƙushe kusa da jak, kansa a ƙasa.

"Abin da Baba ya gani shi ne daidai," ya ce.

A hanyar komawa Mainasara ya yi zancen a fakaice, yana kallon kogi, cewa idan tayoyin sun tsufa kada a jefar, a kawo masa. Kuma kada a bari su tsufa da yawa. Daga nan ya hana suruki taka birki da ƙarfi, ya sauka sau biyu ya kawar da kwalba daga hanya, har suka isa Umbadda bayan la'asar, amalanken jaki yana wuce su.

Mako biyun farko Abdulganiyu yana kiran waya daga kasuwar Abu Hamad. Lauratu takan miƙa wa ubanta, shi kuma bayan gaisuwa sai ya tambayi lafiyar tayar baya ta hagu. Ana nan sai waya ta ɗauke. Kwana uku, kwana biyar. Wani da ya dawo ya ce ya ga boksin ta fita da duro shida na ruwa zuwa wani sabon rami, ta hanyar da babu komai sai tudun yashi, shi kaɗai a ciki.

Daga ranar Mainasara ya kasa riƙe wuƙa. Yakan zauna a rumfa ya ga ƙafafu suna wucewa bai san na wa ba. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, da kunyar kansa. Ran kwana na bakwai da hantsi ya je gidan 'yarsa, ya same ta zaune da waya a cinya, ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Uwata, tayoyin nan ba don mota na zaɓe su ba. Don ƙafa na zaɓa."

Ba ta yi kuka ba. Ta dube shi, ta sunkuya ta tuɓe takalmin da ya yi mata da hannunsa shekarar aurenta, ta ajiye a gabansa, ta shige ɗaki. Ya ɗauka ya koma da su rumfa, ya sa ƙarƙashin benci.

Ran kwana na goma sha ɗaya, da azahar, wata babbar mota ta sauke wani mutum a bakin kasuwa. Ya yi baƙi, leɓensa ya tsattsage, yana ɗingishi, a wuyansa kuma ya rataya wani dogon ɓangaren taya da ya kai tsawon mutum. Mainasara bai gane fuskar ba, ƙafar ya gane. Kowace an ɗaure mata ɓallen taya da igiyar duro, yankan karkace, ɗaya ya fi ɗaya tsawo da taƙi guda.

Abdulganiyu ya yi ƙoƙarin tuɓe su don ya durƙusa, ƙullin ya ƙi kwancewa, sai ya durƙusa da su. Labarin a hankali ya fito, yana kallon ƙasa. Motar ta nutse a yashi har ciki. Ya yi ta fama kwana biyu har kulocin ya ƙone. Ya kama hanya a ƙafa da jarkar ruwa, kafin azahar zafi ya narkar da silifansa, sai ya rarrafa ya koma wurin motar, ya kwanto tayar safaya, ya sa mata wuƙar yanka albasa. Ta yanku, da yake babu waya a ciki. A kan wannan takalmin ya yi kwana huɗu kafin ya iso hanya. Wayarsa tana can a motar. Gida ma bai je ba tukuna, ya ce bai kamata ya wuce da kayan Baba a wuya ba.

Ya sauke ɓangaren tayar a gaban rumfa, ya ba da haƙuri cewa sauran huɗun suna ƙarƙashin yashi, wannan kaɗai ya iya ɗaukowa.

Mainasara ya buɗe baki zai faɗi abin da ya faɗa wa Lauratu, suruki ya riga shi, murya can ƙasa.

"Ma'alesh, Baba, ba komai. Tun a shago na sani. Na ga kwalin."

Dukawan layin duk sun tsaya da aiki. A gabansu tsohon ya sauko daga benci, ya zauna a ƙasa, ya ɗauki ƙafar mijin 'yarsa ya ɗora a cinya, abin da ba a taɓa gani ba a Umdurman. Abdulganiyu ya nemi janyewa don kunya, aka riƙe ƙafar gam. Mainasara yana yanke igiyar yana hawaye, yana kuma faɗa cewa wane irin mutum ne zai yanka taya a kwance ba a tsaye ba, ya ɓata wurin takalmin mutum uku. Da ya gama ya wanke ƙafar da ruwan butarsa, ya zana ta a kwali, a kumburenta.

Ya aika aka faɗa wa Lauratu. Ta iso kasuwa ba takalmi, mayafi a karkace, ta tsaya a kan mijinta ta daɗe tana kallonsa. Ubanta ya miƙa hannu ƙarƙashin benci ya turo mata takalminta, bai ɗaga kai ba. Ƙasar azahar tana ƙuna, kowa na ganin yadda take ɗaga ƙafa ɗaya tana sauke ɗaya. Ta kama mijinta ta miƙar da shi, suka yi taku biyar, sannan ta dawo ta saka.