Famfon Chikwenga

Yohane Kalembo ya shekara talatin yana haɗa bututun ruwa, amma famfo ɗaya ne yake ci masa rai har yau.

Yana sabon ma'aikaci aka tura shi ƙauyen Chikwenga, saura kwana uku Shugaban ƙasa ya zo buɗe rijiyar burtsatse. Rijiyar kuwa ba ta kai ruwa ba. Ubangidansa ya ce, "Kai dai ruwa ya zubo ranar, ko daga ina ne." Yohane ya ɓoye ganguna huɗu a bayan makaranta, ya sa matan ƙauyen suka cika su daga rafi, ya binne bututu daga gangunan zuwa famfon. Shugaba ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, aka yi guɗa. A takarda Chikwenga ta sami ruwa, don haka ba a sake waiwayarta ba.

Bayan shekara ashirin, Shugaban ya sauka ya koma noman masara, aka kira Yohane gyaran famfon gidansa. Tsohon ya ƙura masa ido har ya tuna inda ya san shi. "Chikwenga ko? Su zage ni yadda suke so, wannan ruwan dai na ba su."

"Haka ne, Baba," in ji Yohane, ya ci gaba da ɗaure bututu.

A satin ya kwashi kayan aikinsa ya hau motar Chikwenga. Wata tsohuwa ɗauke da tulu ta gane shi.

"Mai ganguna, ka dawo? Yau kuma wa zai zo?"

"Ba kowa, Inna. Nuna mini inda ƙasa take da laima."