Hannun Yayata Mai Shuɗi

Shekara ashirin da biyu ke nan yayata tana ɗakin gwaji na wata makarantar koyon aikin lafiya, ɗakin da ko taga ba shi da ita. Aikinta rina ƙwayoyin cuta, don sai an rina su ɗalibai ke iya ganinsu a madubin likita. Za ta ɗebo su da 'yar waya, ta shafa siriri a kan ɗan gilashi, ta bari ya sha iska. Sai ta gilma shi ta kan harshen wuta sau uku, ta ɗana a bayan hannunta ta ji ɗuminsa. Ta ɗiga shuɗin rini, minti ɗaya cif ta ɗauraye. Ko agogo ba ta dubawa. Rinin ya kama faratanta, har a gida muke tsokanarta da Mai Shuɗi.

Abin da ke cin ranta Innarmu ce. Tsufa ya kwantar da ita, ni kaɗai ke jinyarta, Yaya kuwa tana nesa, tafiyar yini guda. Makarantar tana da reshe kusa da mu. Sau shida tana neman a mayar da ita can, sau shida shugaban sashen yana yi mata daɗin baki, wai sai an samu mai irin hannunta. Mutum uku ta koyar, duk suka ƙware suka ƙara gaba. Ni dai haushin mutumin nan nake ji har gobe.

Ni na ba ta shawarar, ba zan ɓoye ba. Na ce tunda ƙwarewa ce ta ɗaure ta, to ta ɓata aikin sau ɗaya. Ranar jarrabawa ta zo da safe, ta lafta shafin da kauri, ta babbaka gilasan, ta bar rinin ya yi minti biyar. Guda talatin ta jera. Da ta leƙa ɗaya a madubin, ba ƙwayoyin nan masu kama da sanduna ko ɗigo-ɗigo, sai dunƙulen shuɗi. Ga hayaniyar ɗalibai a baranda, kowa na jiran abin da zai gani ya rubuta.

Ta kwashe su ta zuba a kwano, ta sake sababbi. Da shugaban ya leƙa madubin, sai ya ɗago yana murmushi.

"Kin gani ko? Wa zan ba wannan aikin in na sake ki?"

Da la'asar ta kira ni ta faɗa min, muryarta a dishe. Na yi ta faɗa har na gaji. Can ta ce in ba ta Inna.

Na kara wa Inna wayar a kunne. Ta saurara, ta saurara, sannan ta dube ni.

"Wace ce wannan?"

Na ce Mai Shuɗi ce. Ta ce, "A gaishe ta," ta juya ta fuskanci bango.