Fim ɗin Baba da Na Ƙona

Ina tankaɗe a tsakar gidana a Masanawa, da hantsin Laraba, yayana Sani ya yi sallama. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce Baba ya cika bayan asuba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mutanen Gwarzo sun san mahaifinmu da Malam Mai Hoto. Ya yi shekaru yana ɗaukar hoton biki da suna. Da aka ƙaddamar da Shari'a, ya ji wa'azi a kan hoton abu mai rai, ya dawo gida ya ce ya daina ɗaukar mutane. Ba wanda ya tilasta masa. Sai ya koma lambunsa na bakin rafi, yana ɗaukar furen kuɓewa da na kabewa da yakuwa da zogale. Abokansa suna tsokanarsa, wai Malam ya koma ɗaukar hoton miya. Dariya kawai yake yi. Yakan ce, "Furen kuɓewa baƙon safiya ne, in ba ka gaishe shi da wuri ba, sai ka tarar ya tafi."

Rayuwa ta yi tsada, fim ɗin kyamara ya yi wuyar samu. Guda ɗaya ya samu a daminar bara, ya yi ta lallaɓa shi. Sai ya jera kwana uku yana durƙusawa gaban fure ɗaya bai danna ba, yana jiran iska ta kwanta.

Da ciwo ya kwantar da shi, na je jinya. Ina sharar ɗakinsa na ga kyamarar ta yi ƙura. Na fito da ita rana, na buɗe bayanta, na goge har ciki. Wallahi gyara na yi nufi. Sai da Sani ya gani ya gaya mini haske ya ƙone fim ɗin, ba abin da zai fito.

Sau uku Baba yana cewa a kai masa fim ɗin Kano a wanke, yana son ganin furanninsa. Sau uku ina cewa sai an samu mai zuwa. A na ƙarshe ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Ba komai, Hauwa, ba sauri nake ba." Na koma gidana ban faɗa masa gaskiya ba, ban nemi gafararsa ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Inna da mu 'ya'yansa haƙurin rashi. Ni kuma, ya Ubangiji, Ka yafe mini ƙaryar da na yi wa mahaifina yana kwance. In ya gane ya yi shiru ne, Ka saka masa da wannan shirun. Amin.