Hasumiyar Delhi a Bangon Littafin Asabe

Ranar da Kawu Sule ya zo da kalandar nan, ban manta ko mutum ɗaya da ke tsakar gidanmu ba. Akwai Baba a bakin rumbu yana gyaran ƙotar fartanya. Akwai Inna tana ɓarar gyaɗa, da Goggo Hansai da ta shigo aron rariya ta zauna ta ƙi tafiya. Akwai yayana Audu, da ƙanwata Asabe, da Ɗanlami ɗan Goggo. Sai ni Dije, ina tsugune a gindin murhu ina hura wuta. Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, a kakar shekarar da aka yi wa ɗakin Baba rufin kwano.

Kawu Sule ƙanin Inna ne, direban wani Ba'indiye mai sayar da yadi a Kano. Tsohuwar kalanda ce da maigidansa zai zubar, shi kuwa ya karɓa ya nannaɗe ya kawo mana ƙauye. Da ya shimfiɗa ta a kan tabarma, na bar wutar ta mutu na matso. Ban taɓa ganin takarda mai sheƙi irin wannan ba. A shafin farko wata jar ganuwa ce doguwa mai ƙofa kamar bakin dutse. A na gaba masallaci ne mai ƙubba uku, da matakala masu faɗi, tattabaru sun rufe filinsa. Akwai kabarin wani sarki a tsakiyar lambu, ruwa kwance a gabansa. Akwai wata rijiya da ake taka matakala a sauka cikinta kamar ana shiga gida. Kawu ya ce duk gari ɗaya ne, sunansa Delhi. Goggo Hansai ta riƙe haɓa ta ce, "Au, ashe su ma suna salla?" Sai ya juyo wani shafi, na ga hasumiyar. Ja ce, jikinta tsaga-tsaga kamar damin kara da aka ɗaure wuri-wuri, gindinta da kauri, tana sirancewa tana hawa, mutanen da ke ƙarƙashinta kamar ƙwayar gero. Ina jin samanta fari ne. Ban rantse ba, domin kallo ɗaya na yi masa.

Kawu ya fara yage shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Na kawo ne a yi wa littattafai bango. Mai littafi ya matso." Audu ya matso, Ɗanlami ya matso, Asabe ta ruga ɗaki ta ɗauko nata. Ni ba ni da littafi. Lokacin da aka zo ɗaukar yara makaranta, Inna ta ce a ɗauki Asabe, ni hannuna ya riga ya ƙware a daka, ba za ta iya rabuwa da ni ba. Na tsaya ina kallo ana raba garin nan. Audu ya ɗauki ganuwa, Ɗanlami ya ɗauki rijiya, hasumiya ta faɗa hannun Asabe ba don ta zaɓa ba, ita ce dai a sama. Har Goggo Hansai ta sami masallacin, wai za ta shimfiɗa a ƙarƙashin jerenta. Na daure na ce, "Kawu, ni fa?" Ya dube ni ya ce, "Ke me za ki naɗe da ita, muciya?" Kowa ya yi dariya, har Baba. Na koma bakin murhu, na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Takardar ta fi littafin Asabe tsawo. A gabana ta ɗora shi a kai, ta lanƙwashe kan hasumiyar zuwa ciki, Audu ya manne mata da ƙaro. Daga ranar abin da ya rage a waje gindi ne da tsakiya.

Na zama mai gadin littafin da ba nawa ba. Da safe ina shara, idona na kan jakarta. Idan na dawo daga rijiya da tulu, sai in bi ta bayan makaranta, ko da yake hanyar ta fi nisa. Ranar da aka aike ni kai mata fura, na tsaya a bakin taga na hango ta dafa gwiwar hannunta a kan hasumiyar tana hamma, sai da na ji kamar in shiga in ture ta. Da ta gane ina so, ta mayar da shi ciniki. "Yaya, ki wanke mini kwanukana in bar ki ki kalla." Na wanke. Na yi mata tsintar itace, na ɗaure mata awaki, na bar mata duwatsuna masu santsi na carafke. Tana ba ni in riƙe, amma da na sa farce zan ɗaga naɗin sai ta fizge, wai zan yaga mata, malam ya doke ta. A bayan rumbu na riƙa gina tawa da laka, ina jera karan dawa a jikinta don ta yi tsaga. Kullum in na kai sama sai in tsaya, in bar ta da kai a shafe, domin ban san yadda ake ƙarasa ta ba.

Na roƙe ta abu ɗaya, idan bangon ya tsufa ta ba ni. Ta ce to. Man ƙuli-ƙuli ya ɓata shi, ruwan damina ya jiƙa shi, ni dai ina jira. Wata rana na ga littafin da sabon bango na takardar siminti. Na ce ina tsohon? Ta ce, "Af, na yar a hanya." Da a ce da mugunta ta yi, da na rama na huce. Mantawa ta yi, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Yanzu shekaru sun tafi. Asabe ta yi karatu, ta koyar, har ta yi ritaya tana shugabar makaranta. Ni kuwa ina Dubai wurin autana Mustafa, mai harkar kago, wato aika kayan 'yan kasuwa, a unguwar Al Sabkha, ina riƙe masa yara a wani filat da ba shi da tsakar gida. Aikina kallo ta taga, na san wanda ya fita da wanda ya makara. An kai ni na ga dogon benen da duniya ke zuwa gani a garin nan, na ɗaga kai na sauke, ban ji komai ba. Indiyawa kuwa ga su ko'ina, a kanti, a lif, a bakin ruwa inda jiragen katako ke lodi. Maƙwabciyarmu 'yar can ce. Ranar da na sa jikata ta kwatanta mata hasumiyar, nan take ta ce Ƙutub Minar sunanta, tana nan ba ta faɗi ba, kuma daga nan jirgi bai fi tafiyar hantsi zuwa azahar ba. Na riƙe sunan ban gaya wa kowa ba.

A bana gwiwar Asabe ta matsa mata, likita ya ce sai an yi aiki, kuma a Delhi. Ta biyo ta nan ta kwana biyu a wurinmu. Ana shawarar wanda zai raka ta jinya, ina zaune ina gyaran alayyafo, ina jira a ce Yaya Dije. Wa ya fi ni iya jinya? Ni na yi ta Inna, ni na yi ta Baba. Sai Mustafa ya ce, "Hajiya, can sai wanda ya iya karatu, ga takardun asibiti, ga Turanci. Halas, shi ke nan, Zainab ta je." Zainab 'yar Asabe ce. Na ci gaba da gyaran alayyafona. Na ji muryar Kawu Sule sarai, ko da yake ya daɗe a ƙasa.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi, kuma na yi mata addu'a da zuciya ɗaya, wannan Allah ya sani. Ranar Talatar da ta wuce bayan la'asar Mustafa ya shigo yana murmushi, ya miƙo mini waya. "Hajiya, ga Anti ta fara yawon buɗe ido." Na ga Asabe da sanda a gaban jar ganuwa. Na gan ta a matakalar masallaci, tattabaru na nan kamar ba su taɓa tashi ba. Hoto na uku kuwa a gaban hasumiyar aka ɗauke shi. Ga Asabe tsaye, ga tsaga-tsagar nan a bayanta, ga ɗaurin nan. Na ja hoton da yatsa in ga sama, babu. Ita Zainab hoton uwarta kawai ta ɗauka, ta yanke kan hasumiyar. Sai saƙon murya ya biyo: "Yaya, yau sun ja ni wani dogon gini, wallahi rana kawai muka sha. Ban ma san abin da mutane ke gani a ciki ba." Na sa aka mayar mata na ce ko ta tuna kalandar Kawu Sule? Ta yi dariya ta ce, "Wace kalanda kuma?"

A da ina ganin littafi ne ya raba ni da ita, kuma na yarda haka Allah ya tsara. Yau babu Kawu, babu rumbun, babu murhun, ita kuwa hasumiyar tana tsaye, ni ma ina tsaye da ƙafafuna biyu lafiya lau. Na daɗe ina jiran a ce in matso.

Washegari da na idar da sallar asuba, na buɗe akwatina na ciro fasfona daga cikin zanin da nake naɗe shi. Mustafa na shan shayi yana ce wa yara "yalla", wato su yi sauri, na ajiye masa a gefen kofi. Ya ce, "Hajiya, lafiya? Wani wuri ke miki ciwo?" Na ce, "Babu inda ke mini ciwo. Ka nemo mini bizar Indiya. Akwai kan wani gini da zan je in gani."