Tsingaron da Iya Ba Ta Yafewa

A ƙauyenmu da ke gabas da Ringim, da an idar da sallar magariba an ci tuwo, sai mu kewaye murhun Iya, kakata ta wajen uba. Takan tura karan dawa cikin wuta, ta gyara zama, ta ce, "To ga ta nan tafe, mai barci ya tashi ya ba ta wuri."

Iya tana da wata doka da ta hana mu sakewa. Tatsuniyar da ta ba mu yau, gobe wani daga cikinmu zai maimaita, ita kuma ta zuba kunne kamar alƙali.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce ta yarinyar da wutar gidansu ta mutu cikin marka, ga uwarta kwance ba lafiya, ba abin dama mata kunu. Yarinyar ta ɗauki tsingaro, ta sa busasshen kashin shanu a ciki, ta rufe da faifai, ta tsallaka rafi zuwa wata ruga. Aka ba ta garwashi ɗaya tak. Ta dawo cikin yayyafi tana hurawa har gida, uwar ta sha kunu ta tashi.

Ni ɗan gaggawa ne. Ranar da layi ya zo kaina, nan da nan na kai yarinyar ruga, na ce ta karɓi garwashi ta juyo.

"Tsaya, maigida," in ji Iya, don haka take tsokanata. "A me ta karɓa? A tafin hannu? Ka ƙona min yarinya. Koma gida ka ba ta tsingaro."

Yara suka yi ta dariya. Na ji haushi ƙwarai, amma dole na koma farko.

Shekararta ta ƙarshe na je duba ta, tsufa ya ci ƙarfinta. Ta fara ba 'ya'yan ƙanena wannan tatsuniyar, sai ita ma ta tsallake tsingaron. Na buɗe baki zan rama, na kasa. Babu wanda ya tsayar da ita.

Yanzu ina zaune a birni, a unguwar Takur, na haura arba'in. Buga takardu nake yi a wani shago, aikin kuwa kullum raguwa yake, kowa a wayarsa yake bugawa. Mai shagon ya faɗa min gaskiya, in ban koyi wani abu ba, bayan salla zai sallame ni. Sai na samo wani littafin koyon rubuta wa kwamfuta umarni, na 'yan koyo, cike da zanen barkwanci. Littafin yana ta wasa da dariya, ni kuwa tsoro ne fal cikina, ga iyali ga shekaru.

Wata rana bayan la'asar na rubuta umarni na ba kwamfutar, ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Jan rubutu kawai take fitarwa, wai ba ta san wani suna da na ambata ba. Na rufe littafin, na ce wannan ba aikin irina ba ne. Har na miƙe, sai na sake duba abin da na rubuta. Ashe na ce ta ajiye lamba a wani mazubi mai wannan sunan, alhali ban ƙirƙiri mazubin tun daga sama ba.

Wallahi muryar Iya na ji. Na daɗe zaune, idona cike da hawaye, ina tuna ranar da ta manta babu mai gyara mata. Ashe tsayar da ni da take yi ba mugunta ba ce, ba ta so in saki wanda na ɗauko a hanya hannu wofi.

Na koma layin farko na ƙirƙiri mazubin, na ba yarinyar tsingaronta. Umarnin ya tafi sumul, ni kuma na buɗe babi na gaba.